Teku a Bayan Katanga

Daren Asabar, bayan an fito daga sallar isha'i, Kaka Barira ta ji teku a unguwar Tudun Wada, a Minna.

A lokacin ba ta san teku ba ne. Shekararta saba'in da 'yan kai, kuma ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne kogin Chanchaga idan ya cika. Abin da ta ji kamar numfashi ne na wata dabba da ba ta da iyaka. Ya taso daga nesa, ya kumbura, ya fashe, ya ja da baya yana shuu, kamar mata dubu na sheƙa gero lokaci guda. Ya sake tasowa.

Daga bayan katangarta yake fitowa, gidan Saifuddeen da matarsa Kafayatu. Gidan kuwa tun asubar Juma'a yake da kwaɗo, masu shi sun tafi ƙasar waje cin hutu, unguwa duk ta sani.

Kaka ta laluba tabarya, ta yi a'uziyya, ta daki katangar sau uku. Abin bai tsaya ba. Ta shige ɗaki ta ja mayafi ta rufe kanta, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Laraba da hantsi wani dattijo ya shigo caji ofis, babbar rigarsa ta jiƙe da ruwan sama. Ya ce sunansa Alhaji Ndaliman, daga Bida yake, 'yarsa yake nema.

Sufeto Dawuda ya ba shi kujera. Sufeton mutum ne dogo, mai jinkirin magana, yana da ɗabi'ar rufe ido idan yana saurare, har baƙo ya zaci barci yake yi. Saje Dorothy, mataimakiyarsa, ta buɗe littafi.

"Kafayatu sunanta," in ji Alhaji. "A kamfanin maganin gona take aiki. Su suka ba ta kyautar tafiya Afirka ta Kudu, ita da mijinta, tunda hutun gwamnati ya faɗo ranar Litinin. Jiya mijin ya dawo shi kaɗai. Ya ce a Abuja suka rabu, ta hau motar Bida za ta kawo mini tsaraba. Ranka ya daɗe, na kwana a tasha. Wayarta a kashe."

"Yaushe ka ji muryarta na ƙarshe?"

"Alhamis da yamma. Tana ta dariya, ta ce Baba zan ga teku."

"Daga can fa?"

"Mijin ne ya turo saƙon murya daren Asabar."

Ya miƙa wayar. Dorothy ta danna. Ƙarar ruwa ta cika ofishin, sannan muryar namiji ta biyo baya: "Baba, barka da dare. Mun sauka Cape Town lafiya. Kana jin teku? Ga shi nan gabanmu. Kafayatu ta gaji, ta kwanta, tana gaishe ka." Ruwan ya ci gaba. Daga can ƙasa wani abu ya buga, dum, dum, dum. Saƙon ya ƙare.

Sufeto bai taɓa ganin teku ba shi ma. Ya sa aka maimaita, idonsa a rufe.

"Alhaji, 'yarka takan yi kwana biyar ba ta kira ka ba?"

"Ko kwana ɗaya. Tun rasuwar uwarta." Dattijon ya kama gefen tebur. "Ka samo mini ita da rai, Sufeto. Ita kaɗai gare ni."

Gidan Saifuddeen yana ƙarshen layi, da get baƙi mai ɗan rami a tsakiya, irin wanda ake zura hannu a saka kwaɗo. Shi da kansa ya buɗe musu. Matashi ne mai tsabta, malamin makarantar sakandare, gemu a gyare, idanu jajaye.

"Ban runtsa ba, Yallaɓai. Na kira duk 'yan uwanta."

Falon yana warin maganin wanke ƙasa, mai ƙarfi har yana hawa kai. A tsakiyar ɗaki siminti ya fi haske, alamar da akwai darduma a wurin. Kan tebur ga faranti cike da inabi baƙi.

"Bismillah, ku taɓa. Ragowar tsaraba ce, na raba wa maƙwabta jiya."

"A wace tasha ta hau mota?"

"A Zuba."

"Lambar motar?"

"Ban duba ba. Wa zai yi tunanin haka?"

"Kai kana da mota, kuma hanya kusan ɗaya ce. Me ya hana ka kai ta?"

Saifuddeen ya shafa gemu. "Ita ta ce in wuce gida in huta."

"Fasfo ɗinka fa?"

"Yana jakarta, duka biyun. Ita ce mai ajiya."

"Hotuna?"

"Da wayarta muka ɗauka. Tawa kyamarar ta lalace."

Dorothy ta ɗaga kai daga littafinta ta dubi ogan nata. Shi kuwa ya ɗauki ƙwayar inabi ɗaya yana juya ta a hannu kamar bai taɓa ganin irinta ba.

"Yaya garin yake? Ba ni labari. Ni Shiroro ce iyakata."

Nan fuskar Saifuddeen ta saki. Ya ce gari ne tsakanin dutse da ruwa, dutsen samansa a shafe kamar tebur. Ya ce ranar Lahadi aka kwashe su a bas zuwa gonakin inabi, inda Turawa ke matse shi su yi giya.

"Mu dai ba mu kusanci giyarsu ba, Allah ya kiyaye. Gona muka shiga. Ka san damina ce, ko'ina kore shar, inabi ya yi nauyi har yana taɓa ƙasa. Da hannuna na tsinko wannan. Rana kuwa kamar ta Minna, sai da na cire hula."

"A saƙon da ka tura wa surukinka akwai abin da ya buga sau uku."

"Kwale-kwale ne, yana dukan katakon gaɓa."

"Dardumar nan fa?"

"Ruwa ya shigo ta taga da ba ma nan. Ta ruɓe, na yar."

Sufeto ya mayar da inabin cikin faranti. Bai ci ba.

Suna fita, wata murya ta kira su daga zauren gidan da ke maƙwabtaka.

"Ɗan nan! Kai mai baƙaƙen kaya. Zo."

Kaka Barira ce, zaune kan tabarma, carbi a hannu. Suka durƙusa suka gaishe ta.

"An ce yarinyar nan ta ɓata. Gaskiya ne?"

"Muna nemanta, Kaka."

"Kullum da safe sai ta leƙo ta ce Kaka kin tashi lafiya. Ita ke ɗiga mini maganin ido." Tsohuwar ta rage murya. "In gaya maka wani abu, ba za ka yi mini dariya ba? Gidan nan ba lafiya. Da suka tafi, wani abu ya shiga ya zauna."

"Me kika gani?"

"Ban gani ba, ji na yi. Daren Asabar. Yana numfashi." Ta buɗe baki ta kwaikwaya, shuuu, ta ja iska, shuuu. 

"Har zuwa yaushe?"

"Har barci ya ɗauke ni yana yi. Kuma a ƙarƙashinsa akwai wani ƙaramin sauti, kamar mage ta maƙale a rami. In babban ya ja da baya sai in ji ƙaramin."

"Me kika yi?"

"Me zan yi, ni tsohuwa? Na nemi tsari, na daki katanga da tabarya."

Sufeto ya buɗe idonsa. "Sau nawa?"

"Uku mana. Ai uku ake yi."

Ya ciro wayarsa, inda Dorothy ta tura masa saƙon Alhaji, ya kunna. Ruwan bai gama tasowa ba Kaka ta ja da baya har ta bugi bango.

"Innalillahi! Shi ne! Ɗan nan, a ina ka kama shi?"

"Teku ne, Kaka."

"Teku? A gidan Saifuddeen?"

A cikin mota Dorothy ta ce, "Oga, mu koma mu kama shi yanzu."

"Da shaidar tsohuwa da ta ji aljani? Lauya zai cinye mu. Kuma in matar tana wani wuri a kulle, shi kaɗai ya san wurin. In ya rufe baki, ta mutu." Ya dubi agogo. "Sa kurtu ya tsaya bakin layi, kada Saifuddeen ya fita. Mu je kamfaninsu."

Kamfanin yana kan hanyar Bosso, sama da wani shagon taki. Manajan ya haɗa su da Edward, wani ɗan gajere mai fara'a, wanda shi ma ya ci kyautar tafiyar. Yana sanye da rigar sanyi, yana jan hanci.

"Ku yi haƙuri, Oga, mura na kwaso a can. Sanyi kamar a firiji."

"Sanyi? An ce mini rana ake yi."

Edward ya yi dariya har da tari. "Wa ya gaya maka? Can komai a juye yake. Lokacin da muke damina su hunturu suke. Duba."

Ya buɗe hotuna. Ga shi nan a bakin ruwa mai launin toka, ya dunƙule cikin kwat. Ga matarsa da hular ulu. Sannan gonakin inabi: layi bayan layi na itatuwa gajeru, baƙaƙe, a murɗe, ba ganye ko ɗaya, kamar hannuwan tsofaffi sun fito daga ƙasa. Sufeto ya daɗe yana kallon wannan hoton.

"Ba inabi?"

"Ko ƙwaya. Sun ce tun wajen watan Maris aka gama girbi. Gangunan giya kawai aka nuna mana a wani ɗaki ƙarƙashin ƙasa."

"Kafayatu tana wane hoto?"

Dariyar Edward ta tsaya. "Madam Kafayatu ai ba ta je ba."

Dorothy ta daina rubutu.

"Mun jira ta a filin jirgi ranar Juma'a. Sai ga saƙo daga wayarta, wai maigida ba lafiya, mu tafi kawai. Na yi mamaki, don ita ta fi kowa ɗoki. Wata guda tana sauraren ƙarar teku a waya, a nan ofis, har muna tsokanarta." Ya share hanci. "Amma na ce ko saboda maganar biza ce."

"Wace magana?"

"Ita an ba ta, mijin ba a ba shi ba. Sati biyu ke nan. Ta roƙe mu kada mu gaya wa kowa, wai zai ji kunya. Oga, lafiya dai?"

Sufeto ya riga ya miƙe.

La'asar ta yi lokacin da suka koma Tudun Wada, hadari ya haɗu ta gabas. Sufeto ya fara shiga wurin Kaka, ya yi mata magana a hankali, ya bar Dorothy tare da ita. Kafin ya fita, idonsa ya faɗa kan wata 'yar roba mai haske a gefen murhu, an zuba daddawa a ciki.

"Ta tsarabar Saifuddeen ce," in ji Kaka. "Zai juye mini inabin a kwano ya tafi da ita, na ce a'a, bar mini abata, roba mai murfi ba a yar da ita."

Dorothy ta ɗaga robar ta leƙa ƙarƙashinta. Akwai 'yar takarda a manne.

"Oga, an rubuta daga Masar aka kawo shi. Ga kuma tambarin wani kanti a Abuja."

Saifuddeen yana zaune a falo, farantin inabi na nan inda yake. Sufeto ya zauna kusa da bangon da ya raba gidan da na Kaka, ya ajiye wayarsa a tebur.

"Malam Saifuddeen, ka ce da hannunka ka tsinko."

"Haka ne."

"Kore shar."

"Yallaɓai, matata ta ɓata, kai kana tambayata ganye?"

Sufeto ya tura masa hoton gonar da ya karɓo wurin Edward. Saifuddeen ya kalli baƙaƙen itatuwan, ya kalle su kuma.

"Wannan wata gona ce daban."

"Ƙasar gaba ɗaya hunturu take. Kai ka ga ruwa na zuba a Minna, ka ɗauka duniya duka damina ce." Ya ajiye robar daddawa kusa da farantin, ya kifa ta yadda takardar za ta fito. "Kuma ba a ba ka biza ba."

Gumi ya tsattsafo a goshin Saifuddeen. 

Sufeto ya kunna saƙon. Teku ya cika ɗakin, muryar Saifuddeen tana gaida surukinsa, ruwa ya ja da baya, dum, dum, dum. Sufeto ya kashe. Ɗakin ya yi tsit.

Sai bangon da ke bayansu ya amsa. Dum. Dum. Dum.

Saifuddeen ya zabura ya miƙe, farantin ya kife, inabi ya watse a siminti yana gangarawa ƙarƙashin kujeru.

"Ga kwale-kwalenka," in ji Sufeto. "Tabaryar Kaka Barira ce. Zauna. Abu ɗaya nake so, kuma yanzu nake so. Tana ina? In tana numfashi, kowane minti da ka ɓata a wuyanka yake."

Saifuddeen ya zame ya zauna a ƙasa. Da ya yi magana, muryarsa ta zama ƙarama.

"Na riga na yi sallama da kowa. Gida gida na bi. Liman ya yi mini addu'a a gaban sahu. A makaranta har ɗalibai sun rubuta mini abin da zan kawo musu. Sai takarda ta zo, ita an ba ta, ni an hana ni."

"Sai ka ce kada ta je."

"Na ce mu tafi Abuja mu ɓuya kwana huɗu, mu dawo tare, ba wanda zai sani. Ta ce ita ba za ta yi wa mutane ƙarya ba, kuma teku sai ta gan shi. Daren Alhamis ta ɗauki akwati za ta kai mota. Na riƙe, ta ja, na saki da ƙarfi." Ya nuna dakalin siminti da ke bakin ƙofar kicin. "Ƙeyarta ce ta bugu a nan."

"Ta mutu nan take?"

Saifuddeen ya kau da kai.

"Na ce ta mutu nan take?"

"Tana numfashi. Idonta a rufe, amma tana numfashi. Na kwantar da ita kan darduma. Na ce zuwa asuba za ta farka."

"Asibiti yana nan, minti goma."

"In na fito da ita, unguwa za ta ga ba mu tafi ba. Za a tambaye ni me ya same ta." Ya share fuska. "Na zura hannu ta ramin get na sa kwaɗo. Na rufe mota a gareji. Na tura wa Edward saƙo da wayarta. Ban kunna fitila ba, ko tari ban yi ba. Ina ɗiga mata ruwa da cokali."

Sufeto ya juya ya dubi bangon. Ya tuna magen da ta maƙale a rami.

"Daren Asabar fa?"

"Ta fara nishi. Da ƙarfi. Tana kiran suna."

"Sunan wa?"

"Kaka." Ya sunkuyar da kai. "Bango ɗaya ne tsakaninmu, za a ji. Sai na tuna ƙarar tekun nan da ke wayarta, wadda take kunnawa kafin ta yi barci. Na haɗa da sifika na ƙure. Da na ga abin ya yi kamar gaske, sai na ce bari in tura wa Baba saƙo, hankalinsa ya kwanta. Da aka buga bango na zaci an gane. Na jira a buga ƙofa. Wallahi da an buga da na buɗe. Ba a buga ba."

"Yaushe ta daina?"

"Kafin kiran asuba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ba mai jin tashin mota. Na naɗe ta a dardumar, na kai ta Zungeru, ƙasan gada." Ya ɗago ido, kamar yana neman a fahimce shi. "Daga nan na wuce Abuja. Ba zan dawo hannu biyu ba, Yallaɓai. Mutum ya je ƙasar waje ya dawo ba tsaraba? Ai sai a yi magana."

Sufeto Dawuda ya rufe idonsa. Wannan karon ba saurare yake yi ba. Yana tunanin dattijon da ya bari a kan kujera a caji ofis, da abin da zai gaya masa, da masuntan Zungeru da za a tasa gobe da sassafe. Sannan ya kira kurtu ya kawo ankwa.

Kafin su fito layin ya cika. Mata a bakin zaure, maza sun dawo daga masallaci sun tsaya cirko cirko, liman a cikinsu. Jiya duk sun ci inabin nan, sun sa albarka. Aka wuce da Saifuddeen, kansa a ƙasa, aka tura shi bayan mota. An fara yayyafi.

Kaka Barira ta fito tana dogara tabaryarta, Dorothy na riƙe da gwiwar hannunta. Ta tsaya gaban Sufeto, ta ɗaga kai tana neman fuskarsa da idanunta masu hazo.

"An ce ta rasu."

"Allah ya yi mata rahama, Kaka."

"Amin." Ta juya ta kalli baƙin get ɗin, taku goma daga zaurenta. Ta daɗe tana kallonsa. "Ɗan nan, ƙaramin sautin nan da na ji a ƙarƙashin tekun. Da ƙofa na buga maimakon bango, da na same ta da rai?"

Dorothy ta dubi ƙasa. Liman ya gyara hularsa. Sufeto ya buɗe ƙofar mota, ya tsaya riƙe da ita, ruwa na sauka a kafaɗarsa.